Idan Wi-Fi Ya Ɓace Bayan Sabunta Windows, Kada A Goge Kwamfuta

Mai karanta wannan darasi ya riga ya san yadda ake haɗa waya da intanet, ya san kalmar sirri, ya kuma san cewa idan data ta ƙare komai tsayawa yake. Ba za mu ɓata lokaci a nan ba. Abin da ya kawo mu shi ne matsalar da ke yawan biyo bayan sabunta manhajar da ke tafiyar da kwamfutar tafi-da-gidanka. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai jama'a suka riƙa komawa Windows 11, wadda ta fito a 2021. Wani zai kwana yana sabuntawa, gari ya waye ya tarar alamar Wi-Fi ta ɓace daga kusurwar allo, ko tana nan amma ta ƙi kamawa. A nan ne ake aikata ɓarnar da muke son a daina, wato a ruga wajen mai gyara a ce ya yi fomatin, ya goge komai. Kada a yi haka.

Ga yadda abin yake faruwa a gidaje. Maigida yana zaune a kan tabarma yana danne-danne, gumi na zuba. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ai sai da na ce ka bar ta yadda take." 'Yar gidan na tsaye a kansa, tana da fom ɗin makaranta da za ta cike kafin Juma'a. Sai ga maƙwabci ya yi sallama, ko kallon allon bai yi ba ya yanke hukunci: "Alhaji, bairos ne wannan. Ba yaro ya kai kasuwa a wanke ta." Kafin la'asar Wi-Fi ya dawo, kowa na murna. Sai bayan isha'i uwargida ta nemi hotunan bikin ƙanwarta, maigida ya nemi lissafin bashin shago na shekara uku, babu ko ɗaya. Maƙwabcin kuwa yana gidansa yana cin tuwo, gobe ma zai ba wani irin wannan shawara, domin ba kayansa ne suka salwanta ba.

Dalilin da ya sa gogewa ba ta da ma'ana shi ne, wurin da matsalar take ɗan ƙarami ne. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan katin da ke kama Wi-Fi, wanda kamfanoni irin su Intel da Realtek da Qualcomm da MediaTek ke ƙerawa. Katin ba ya jin maganar Windows sai ta bakin wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda aikinta tamkar na tafinta ne a tsakaninsu. Sabuntawa kan sauya wannan tafinta da wanda bai dace da katin ba, ko ta bar tsohon da bai iya yaren sabuwar Windows ba. Hujjar a bayyane take: jiya katin yana aiki, bai faɗi ƙasa ba, ruwa bai taɓa shi ba, abu ɗaya kawai ya canja. Hotuna da takardu ba su da hannu a ciki.

Matakan gyara masu sauƙi a fara yin su da sauri. A duba ko waya na kama wannan Wi-Fi ɗin. Idan ita ma ta ƙi, laifin na'urar da ke raba intanet ne, a kashe ta a kunna. A tabbata alamar jirgin sama ba ta kunne a kwamfutar. A sa ta manta da sunan Wi-Fi ɗin, a sake shigar da kalmar sirri. Idan duk bai yi ba, a danna alamar Windows da maɓallin dama na linzami, a buɗe Device Manager, a shiga Network adapters. Ɗan alwatika mai ruwan ɗorawa kusa da sunan katin yana nuna direba ne ya sami matsala. A cikin bayanansa akwai Roll Back Driver, mai maido da tsohon direba idan Windows ta adana shi. In maɓallin ya dushe, a zaɓi Uninstall device, ba tare da yin alama a akwatin da ke cewa a share direban ba, sannan a sake kunna kwamfutar ta ɗora shi da kanta. Wanda zai ce ta yaya za a sauko da sabon direba babu intanet, amsarsa na aljihunsa: ya haɗa wayarsa da kwamfutar ta kebul ɗin caji, ya kunna USB tethering, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, ya nemi direban da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Can kaɗai za a ɗauko shi, ban da shafukan da ke alkawarin gyara komai da danni ɗaya.

Za a ce ai fomatin yana aiki, mun gani da ido. Wani lokaci yana yi, domin sabuwar ɗorawa kan zo da direban da ya dace, wato abin da minti goma a Device Manager zai iya samarwa. Wani lokacin kuma ba ya yi, kuma Windows 11 ta amfanin gida tana neman intanet tun wajen ɗora ta, sai mutum ya maƙale babu Wi-Fi babu kayansa. Mafi muni, gogewa na rufe ƙofar da Microsoft ya bari a buɗe. Bayan sabuntawa, tsohuwar Windows na ajiye a wata folda mai suna Windows.old, kuma cikin kwana 10 ana iya shiga Settings, sai System, sai Recovery, a danna Go back a koma inda aka fito, takardu na nan daram. Wanda ya goge ya zubar da wannan dama da hannunsa. Shi ya sa muke ta nanatawa: kada a goge.

Akwai kuma mai cewa shi bai iya Turancin da ke kan allo ba, dole ya je wajen mai gyara. Babu aibu a zuwa. Amma a fara kwafe hotuna da takardu a filas tun daga gida, a buɗe su a wata na'ura a ga sun shiga. A wurin mai gyaran a faɗa masa a fili: "Jiya aka sabunta ta, direban Wi-Fi nake so ka duba, ban yarda a goge komai ba." Idan ya duba ya tabbatar katin ne ya mutu, ana iya sauya shi a kwamfutoci da yawa, ko a sayi ɗan ƙaramin abin kama Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB, a ci gaba da aiki a ranar.