Gidan Abinci da Lafiyar Gari: Jan Hankali ga Masu Dafawa da Masu Ci

Ya kai mai karatu, in dai a birni irin Kano kake zaune, da wuya mako ya zagayo ba ka ci abincin sayarwa ba. Ɗan kasuwar Kwari ba ya komawa gida cin abincin rana, haka ma'aikaci da ɗalibi da direban Adaidaita Sahu. Tun daga mai tuwo-tuwo ta bakin tasha har zuwa manyan gidajen abinci na titin Gidan Zoo da unguwar Nasarawa, tukwane ba sa sauka daga kan wuta. Kowace tukunya kuwa tana cin itace ko gas, tana shan ruwa, tana barin shara. Mai ci ya biya kuɗin abinci ya tafi abinsa, amma sharar da hayaƙin suna nan, kuma garin duka ne ke biyan kuɗinsu.

A manyan biranen Turai yanzu ana yayin gidajen abinci masu tinƙaho da cewa ba sa ɓata muhalli. Kamfanin Michelin na Faransa, wanda ya shahara wajen auna darajar gidajen abinci, a shekarar 2020 ya fito da wata lamba ta koren tauraro don yaba wa irinsu. Wani zai ji wannan ya ce ai ƙwalisar masu ƙoshi ce. To, a yi haƙuri a saurara. Yawancin abin da ake ba su lamba a kai, kakanninmu sun yi shi ba tare da an tafa musu ba.

Yadda birni yake ciyar da gona

A da, in rani ya yi, manoman karkarar Kano sukan koro jakuna zuwa birni ɗauke da itace da kara da hatsi. Ba sa komawa da mangala wofi. Sai su cika ta da sharar gari: toka, kashin awaki, ɓawon rogo da na albasa, da duk abin da aka share daga tsakar gida da madafi. Su kai gona su jibge tsibi-tsibi kafin saukar damina. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa taki na cikin manyan dalilan da suka sa ake noma gonakin kewayen Kano kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Gona ta ciyar da birni, birni ya mayar mata da abin da ya rage.

A wancan zamani babu abin da mai abinci take zubarwa sai kaɗan. Ƙanzo a jiƙa shi, ruwan tsari a ba dabbobi, dusa ta tafi ga masu kiwo, toka a tace ta a yi ruwan toka. Tuwo a akushi, fura a ƙwarya, a rufe da faifai. Ƙwarya in ta fashe a ɗinke, in ta ƙi ɗinkuwa ta ruɓe ta koma ƙasa.

Har gobe manoma na sayen shara, sai dai yanzu a tifa ake kai musu. Je ka duba gonar da aka zuba irin wannan taki. Za ka tarar da baƙar leda ta sarƙe da ƙasa, ledar fiya-wata, cokulan roba, murafen kwalba, fasassun gilasai. Manomi da 'ya'yansa su yini suna tsince, abin da suka gaza tsincewa garma ta binne shi. Leda kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye, sai dai ta yi ta daddatsewa tana zama ƙanana a cikin ƙasa shekara da shekaru. Wadda iska ta kwashe, akuya ko saniya ta haɗiye. Tambayi kowane mahauci a kwata abin da yake tararwa a tumbin dabba, zai ba ka labari.

Saboda haka aikin farko na mai gidan abinci ba shi da tsada ko kaɗan: kwandon shara biyu maimakon ɗaya. Ɗaya na abin da ke ruɓewa, wato ɓawo, ganye, ƙashi, toka da ragowar faranti. Ɗaya na leda da roba da gwangwani. Na farko masu kiwo da masu lambu za su zo har ƙofa su ɗauka, wani lokaci ma da ɗan abin goro. A na biyun, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola za su zaɓi gwangwanaye da robobin lemo. Abin da zai saura ga motar hukumar kwashe shara ba zai taka kara ya karya ba. Amma da zarar an haɗa su wuri guda, an lalata taki, an kuma ɓata robar da maiƙo.

Leda da farar roba

Dubi yadda ake sayen shinkafa da miya a yau. Yarinya ta buɗe leda fara, ta zuba shinkafa, ta ƙulle. Ta buɗe wata ta kwarara miya tana tururi, ta ƙulle. Salak a ta uku, sannan a haɗa duka a baƙa, a jefa cokalin roba a ciki. Leda huɗu ke nan da cokali saboda ci ɗaya wanda ba zai wuce minti goma ba. A gidajen da ake ji da su kuma, farar robar nan mai kama da soso ake ba ka. Ita ta fi muni, domin 'yan gwangwan ba sa sayenta, ba ta da nauyi, ruwa na zuwa sai ta taso ta bi kwata. In an yi ruwan Agusta kwalbati ya toshe, ruwa ya shiga gidaje, a leƙa a ga abin da ya cushe shi. Sauro kuma ya samu gidan haihuwa.

Wasu gwamnatoci sun gaji da wa'azi sun ɗauki sanda. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017 da hukunci mai tsanani. A nan gida, jihar Legas ta haramta farar robar abinci a watan Janairun 2024, dalilinta kuwa toshewar magudanan ruwa. Masu abinci a can sun yi ƙorafi, amma ba a daina cin abinci a Legas ba. Mai hankali ba ya jiran doka ta iske shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Magani yana hannun mai saye fiye da mai sayarwa. Wanda ya san kullum a shago ko ofis yake cin rana, ya ajiye kula ko langa mai murfi ya riƙa aikawa da ita. Ba abin kunya ba ne, haka iyayenmu suka yi. Mai abinci kuma ta ƙara wa wanda ya zo da kwanonsa ɗan nama ko ta rage masa kuɗin leda; labari zai bazu a layin da kansa. Wanda zai ci a wurin, a ba shi faranti da cokalin ƙarfe da kofi, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta. A nan dole a ja kunne: wanke faranti hamsin a baho ɗaya na ruwan da ya yi kauri hanya ce ta amai da gudawa. In ba za a wanke da kyau ba, an gudu ba a tsira ba.

Ragowa

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a duniya, kuma kashi 28 cikin 100 daga wuraren sayar da dafaffen abinci ya fito. Mu a nan abin da ya saura a tukunya ba ya rasa mai ci, ga almajirai ga mabuƙata. Amma a bambanta sadaka da zubar da shara a kwanon yaro. Abin da ya kwana ya yi yami, ko wanda aka tattaro daga farantan mutane, na kaji ne. A ba mabuƙaci tun abincin yana da ɗuminsa. Kai kuma mai ci, addini ya hana almubazzaranci. In ka san ba za ka iya cinye malmala uku ba, ka ce a sa biyu. Gidajen da ke sayar da rabin faranti sun kyauta.

Wuta da cefane

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, masu abinci da dama da suka koma gas sun dawo kan gawayi da itace. Ba wanda zai zarge su, lissafi ne. Amma buhunan gawayin da ake saukewa a gari bishiyoyi ne aka sare, kuma hayaƙin murhu idon mai girki da ƙirjinta yake fara ci. Murhu mai duwatsu uku a fili, iska ce ke kwashe kaso mai yawa na zafinsa. A gina shi da laka a kewaye, a rufe tukunya, a jiƙa wake kafin a ɗora, a kashe ragowar itace in an sauke. Kuɗin itacen wata zai nuna bambanci.

Cefane kuwa Allah ya hutar da Kano. Hatsi na Dawanau, kayan miya na 'Yankaba, shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki. Mai abincin da ya sayi tumatir lokacin da ya yi araha ya shanya kauɗa, ya huta da tsadar damina da tarin gwangwanaye. A nan ma akwai robar da ta cancanci yabo, wato akwatin da ake jera tumatir a ciki a maimakon kwando, domin ba ya matse na ƙasa su fashe, kuma ana shekaru ana amfani da shi. Gero da dawa da acca ba sa shan ruwa kamar shinkafa, sun kuma saba da ƙasarmu, amma manyan gidajen abinci da yawa sun mai da su saniyar ware, sai ka zaga jerin abincinsu kaf ba ka ga tuwon dawa ko burabusko ba. Masu gidajen suna cewa ba a tambaya ne. To, a riƙa tambaya. In mutum biyar suka nema a mako guda, ranar Litinin za a aika Dawanau.