Ga Masu Gaggawar Yin Suna: Labarin Bach

'Ya'yana, na lura da yawa daga cikinku, musamman masu sha'awar kiɗa da waƙa, kuna jin kunyar a ce kun koya a wurin wani. Kowa yana so a ce shi ya ƙago nasa salon, tun kafin hannunsa ya faɗa. Ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin wani Bajamushe da ya rasu tun 1750, wanda masana kiɗan Turawa har gobe suke sanyawa a sahun farko, kuma wanda ya yi ƙuruciyarsa da wani ɓangare na girmansa yana kwafar aikin wasu da hannunsa.

Sunansa Johann Sebastian Bach. An haife shi a garin Eisenach cikin watan Maris na 1685, a zamanin da ake kira Barok, lokacin da gine-gine da zane da kiɗan Turai suka cika da ado. Gidansu gidan makaɗa ne kaka da kakanni, kusan yadda muka san gidajen makaɗan fada a nan, inda yaro ke tashi ya tarar da sana'a tana jiransa. To amma gado bai hana shi ɗanɗana maraici ba. Kafin ya cika shekara goma uwa da uba duk sun rasu, sai yayansa Johann Christoph, mai kaɗa ogan a cocin garin Ohrdruf, ya ɗauke shi. Ogan ɗin nan wani ƙaton abin kiɗa ne mai bututu barkatai, ana danna shi da yatsu, ana kuma taka shi da ƙafa.

Ɗan Bach ya ba da labari bayan rasuwar mahaifin nasa cewa yayan nan yana da wani littafi na kiɗe-kiɗen manyan gwanaye, ya kulle shi a kabad, ya ce yaron bai kai ba tukuna. Ƙofar kabad ɗin mai raga ce. Yaro sai ya riƙa zura siririn hannunsa da dare, ya naɗe littafin ya zaro shi, ya zauna yana kwafa. Ba a ba shi kyandir, don haka sai daren da akwai farin wata. Wata shida yana wannan. Da ya gama, yayan ya gano, ya ƙwace kwafin. Takarda ta tafi, amma duk wanda ya taɓa rubuta darasi da hannunsa ya san abin da ya bi ta yatsu zuwa kai ba a ƙwace shi. Ba ina cewa ku riƙa buɗe wa yayyenku kabad ba ne. Ƙishirwar nake so ku gani.

Yana ɗan shekara ashirin, yana aikin ogan a Arnstadt, sai ya nemi hutun mako huɗu don ya je Lübeck ya saurari wani dattijon gwani, Dieterich Buxtehude. Tafiyar ta kai kilomita 400, kuma a ƙafa ya yi ta. Ya je ya shantake, sai da ya yi kusan wata huɗu. Da ya dawo hukumar coci ta titsiye shi, ta haɗa masa da ƙorafin cewa yana cusa baƙin sautuka cikin waƙoƙin ibada har jama'a suna rikicewa. A nan kam ba zan wanke shi ba. Wanda ya ce mako huɗu ya yi wata huɗu ya saɓa alkawari, komai kyan abin da ya je nema. Yana kuma da zafin kai. A shekarar ce ya gaya wa wani ɗalibi baƙar magana a kan busarsa, ɗalibin ya tare shi a hanya da sanda, shi kuma ya zaro takobi. A 1717 ma sarkin Weimar, inda yake aiki a lokacin, ya kulle shi kusan wata guda saboda yadda ya dage sai an sallame shi ya koma wurin Yarima Leopold na Köthen. Ku ɗauki nacinsa, ku bar masa taurin kan.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a Weimar ɗin. A lokacin ya doshi shekara talatin, ya yi aure, sunansa ya fara zagaya ƙasa a matsayin gwanin ogan. Sai ga sababbin kiɗe-kiɗe na wani mutumin Italiya, Antonio Vivaldi, wanda ya girme shi da shekara bakwai kacal. Tsaransa ne, a taƙaice. Wani zai ce me zan koya a wurin wannan? Bach ya zauna ya ɗauki abin da Vivaldi ya tsara wa masu goge, ya mayar da shi kan ogan, layi bayan layi, har ya gane yadda mutumin yake gina kiɗa: inda taro ke shigowa, inda ake bar wa mutum ɗaya fili, inda ake komawa kan amshi. Koyo a wurin dattijo ba wuya, kowa zai yaba maka. Koyo a wurin sa'anka shi ne inda girman kai yake kayar da yawancinmu. Kuma bai zama Vivaldi na biyu ba. Kiɗe-kiɗensa guda shida da ake kira Brandenburg, na shekarar 1721, suna da ƙamshin Italiya, amma ba mai jin su ya ce na wani ne.

Gwanintarsa ta musamman ita ce saƙa muryoyi. Murya ɗaya za ta fara da ɗan gajeren zance na kiɗa. Kafin ta gama tafiyarta ta biyu ta shigo da wannan zancen a wani mataki, sai ta uku, sai ta huɗu, kowace tana bin hanyarta, ba wadda ta zama 'yar rakiya, kuma ba su yi karo ba. In kun samu dama ku saurari ɗaya, ku zaɓi murya guda ku bi ta daga farko har ƙarshe, sannan ku sake ji ku bi wata. A ji na uku ne za ku fara gane yawan lissafin da ke ƙarƙashin daɗin.

A 1723 ya samu aikin da ya riƙe har mutuwarsa, shugaban kiɗa na makarantar Thomas da manyan coci-coci na Leipzig. Kada ku zaci da kiɗa da kalangu aka tarbe shi. Majalisar gari wani makaɗi mai suna Telemann ta so, shi kuwa Hamburg, inda yake aiki, ta ƙara masa albashi ya zauna. Suka nemi wani makaɗin, Graupner, ubangidansa ya hana shi tafiya. Sannan aka waiwayi Bach. A shekarunsa na farko a can kusan kowane mako sai ya tsara sabon kiɗa na ranar Lahadi, a kwafe wa kowane mawaƙi da makaɗi nasa kason, a yi gwaji, a gabatar, Litinin a koma farko. Kimanin 200 na irin waɗannan kiɗe-kiɗen da ya tsara a rayuwarsa sun iso gare mu. Kuma da wa yake aikin? A 1730 ya rubuta wa majalisa takardar kuka, ya lissafa yaran makarantar: 17 za su iya waƙa, 20 ba su kai ba tukuna, 17 kuwa ba su da amfani a fannin. Da irin waɗannan yaran, a gidan da ya haifi 'ya'ya ashirin ya binne goma tun suna ƙanana, ya yi aikin da ake karantarwa a jami'o'i yau. Idan ɗayanku ya ce mini ba zai fara ba sai ya samu kayan aiki masu kyau da mutanen da suka san darajarsa, wannan lissafin nake tunawa.

Yabo bai zo da wuri ba. A 1737 wani matashin mai sharhi, Scheibe, ya rubuta cewa kiɗansa ya cika nauyi da cukurkuɗewa. Zamani ya juya zuwa kiɗa mai sauƙi, har 'ya'yansa suka fi shi tashe. Idonsa ya lalace, wani likitan Ingila mai yawo gari-gari, John Taylor, ya yi masa aiki sau biyu bai yi nasara ba, ya rasu ranar 28 ga Yuli 1750 yana da shekara 65. Matarsa ta biyu, Anna Magdalena, mawaƙiya ce da ta sha kwafar ayyukansa da hannunta, ta rasu bayan shekara goma cikin talauci. Wannan abin kunya ne ga garin Leipzig, har da manyan 'ya'yan mijinta. Ku da kuke da iyaye mata a gida, na gaya muku ne don ku ji.

Masu sana'ar dai ba su manta da Bach ba. Mozart ya yi nazarin saƙar muryoyinsa, Beethoven tun yana yaro littafinsa aka ɗora shi a kai. Jama'ar gari kuwa sai a 1829 suka farga, lokacin da Felix Mendelssohn, ɗan shekara ashirin, ya gabatar a Berlin da dogon kiɗan da Bach ya tsara a kan wahalar Almasihu bisa Linjilar Matiyu. A 1977, da Amurka ta harba kumbon Voyager da faifan sautukan duniya, an sa kiɗansa har guda uku.

Akwai kuma wani yaro ɗan shekara goma sha uku, Pablo Casals, da ya shiga wani shagon tsofaffin takardun kiɗa a Barcelona a 1890, ya ci karo da kiɗe-kiɗe shida da Bach ya tsara wa babban gogen nan da ake tsayarwa tsakanin gwiwoyi. A lokacin ana ɗaukarsu darasin motsa yatsu ne kawai, ba mai kai su gaban taro. Rubutun hannun Bach na waɗannan ya ɓata, kuma ɗaya daga cikin kwafin da aka fi dogara da su na Anna Magdalena ne. Casals ya kai su gida, ya yi shekara goma sha biyu yana bitarsu kullum kafin ya yarda ya kaɗa ɗaya a bainar jama'a, kuma sai da ya doshi shekara sittin ya fara ɗaukarsu a faifai.