Amsar Tambaya: Turanci a Aji Biyu

Tambaya: Malama, ina karatun NCE, an tura ni gwajin koyarwa a wata firamare. Aji biyu aka ba ni, Turanci zan koyar, yaran kuwa Hausa kaɗai suke ji. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗiyata, ki fara ta kunne, alli ya jira tukuna. Yaro sai ya ji kalma ya faɗe ta kafin ya rubuta. Ki shigo aji da kofi, cokali da hula, ki ɗaga ki ambaci sunansu, ki ce su tashi, su zauna, su taɓa kai, kina yi suna gani. Minti 10 na wannan ya fi allo cike da rubutun kwafa.

Sai sautuka, a nan aikin yake. Hausa ba ta raba p da f, v kuma takan koma b, shi ya sa yaranmu ke cakuɗa su har su girma. Riƙe takarda gaban baki: da p za ta yi tsalle. Harafin c ma, karatunsa a Hausar boko daban, a Turanci daban. Ki faɗa musu ƙarara. Amma ki gyara naki furucin da dare kafin ki shiga aji, don abin da suka ji a bakinki shi za su ɗauka.

Kada ki ji kunyar yin bayani da Hausa idan sun ruɗe. Cin tarar yaro don ya yi harshen uwarsa, ni dai ban ga amfaninsa ba, bakinsa kawai yake rufewa. Ki kuma nemi malamar ajin ta zauna a baya ranar farko, ta gaya miki inda kika yi sauri.