Ku kawo fitsarin kafin ku haɗiyi kafso

Yawancin fitsarin da ake kawo mana ɗakin gwaji a Azare, ko daga Gamawa ne ko Shira ko Jama'are, sai mai shi ya gama zagaye kemis yake isowa. An sha Septrin, an sha Ampiclox, an ɗora da kafso mai ja da yalo, wani har allurar ceftriaxone an yi masa a bayan kanta. Sai abu ya faskara a tuna da asibiti. A lokacin kuwa an riga an ɓata mana aiki, don ragowar maganin da ke jiki yakan hana ƙwayar cutar tsirowa a gwaji, alhali tana nan da ranta. Takarda ta fito babu komai, mara lafiya ya tafi yana cewa ba mu iya aiki ba.

Aikin namu noma ne, ba ya son gaggawa. Muna shuka fitsarin a ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, mu sa shi ya kwana a na'ura mai ɗumi daidai da jikin mutum, digiri 37. Washegari mu duba abin da ya tsiro, sau da yawa E. coli ce, uwa uba a ciwon mafitsara. Sai mu shafe sabon faranti da ita, mu jera 'yan takardu zagayayyu a kai, kowace da irin maganin da aka jiƙa ta da shi. Ya sake kwana. Da safe, takardar da maganinta ke aiki za ka ga kewayenta fes, mu sa rula mu auna faɗinsa da milimita. Wadda ƙwayar ta raina kuwa, har gindinta take tsirowa. Ita muke rubuta wa R, wato ko buhu aka sha ba zai yi ba; S kuma shi ne mai ci. Tun 1966 Kirby da Bauer suka daidaita wannan hanya a Amurka, kuma har yau ba ta buƙatar abin da ya wuce haƙuri da wutar da ba ta ɗaukewa. Ta biyun ce ke sa mu kwana da kunne a kan janareta.

Shi ya sa muke cewa a dawo bayan kwana uku, na jini ma yakan kai biyar ko fiye. In ciwon ya yi tsanani ba a jira: a ɗebi abin gwaji tukuna, likita ya fara magani, sakamako ya fito ya gyara.

Gwajin Widal da ake rububi ba ya cikin wannan sahu. Ba ya tsirar da ƙwaya, ba ya faɗin maganin da zai ci ta, kuma mutum lafiyayye ma yana iya nuna “taifod” a cikinsa. A ganina babu takardar da ta kai ta jawo shan Cipro a banza.

Mujallar The Lancet ta fitar a 2022 cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba. Mu a kan tebur muke ganinsa: Septrin da ampicillin yanzu R ta fi S yawa a takardunmu.

Don Allah a karɓi robar gwaji a wurinmu, kar a wanke kwalbar lemo a zubo. A bar farkon fitsarin ya wuce, a tari na tsakiya, a kawo cikin awa biyu. In an riga an sha magani a faɗa mana sunansa, ko a zo da kwalin. Takardar maƙwabciya kuma, Hajiya, tata ce ita kaɗai, ko da ciwonku iri ɗaya ne.