Me Ya Sa Kwamfuta Ke Raɗa Wa Rajista Lamba Da Kanta?

Mai sauraronmu daga Sabon Birni ya tambaya: in ana shigar da sunan mutum cikin rumbun bayanai, don me na'ura ke ba shi lamba, ba ma'aikaci ba?

To malam, suna ba ya bambanta mutane. A ƙasar Gobir, Bawa nawa ne, Muhammadu nawa ne? Ka ɗauka ma'aikaci ɗaya yana Isa, ɗaya yana Sabon Birni, suna rajista lokaci guda. In kowa ya duba lamba ta ƙarshe ya ƙara ɗaya, sai mutum biyu su tashi da lamba guda, haƙƙin wani ya faɗa hannun wani. Shi ya sa manhajoji irin su MySQL da PostgreSQL ke fitar da lambar da kansu, su mayar wa mai shigar da bayanan ita nan take don ya ɗaura sauran bayanai a kanta.

Wani zai ce a yi amfani da lambar waya mana. Layi yana ɓata, musamman ga wanda rashin tsaro ya raba da gida, kuma kamfani kan sayar da tsohon layi ga wani. Lambar NIN mai alƙaluma 11 da hukumar NIMC ke bayarwa kuwa ba a sake ba kowa ita.