Yadda ake fitar da babban titi daga tsakiyar gari

Wanda ya taɓa tsayawa da yamma a bakin titin Nnamdi Azikiwe a Kaduna, wajen Bakin Ruwa ko Kurmin Mashi, riƙe da hannun yaro yana jiran tirela ta wuce su tsallaka, zai yi mamaki in ya tuna cewa baifas ake kiran titin nan. An yi shi ne don manyan motocin da suka taso daga Kudu za su Zariya da Kano su kewaye gari ta yamma. Yau gari ya haɗiye shi. Gidaje, makarantu, garejoji da kasuwanni sun jeru dama da hagu, kuma motar da aka so a nisanta da mutane ita ce ke ratsa tsakiyarsu. Shi ya sa aka koma neman wani baifas ɗin ta gabas. An ba da kwangilarsa a 2002, aka kuma shafe sama da shekara 20 ana fama da shi. Titunan nan biyu sun ishi mai son sanin yadda ake wannan aiki, da inda yake lalacewa.

Abin yana farawa da kuka. Tanka ta faɗi a bakin kasuwa, ko mota ta buge ɗalibi, sai masu unguwanni su kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kansila ya ɗauki maganar zuwa zauren majalisar ƙaramar hukuma. A nan ake fara jayayya, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Kansilan cikin gari yana so a fitar da tireloli ko ta halin ƙaƙa. Kansilan da kasuwar bakin titi ke mazaɓarsa yana tunanin mai shayi, mai tsire, mai faci da mai gidan mai, waɗanda cinikinsu ya rataya a kan direban da ya tsaya. Wanda ya san Tafa ko Mararrabar Jos ya san garin da ke rayuwa da tsayuwar mota. Kansilan ƙauye kuma ya san gonakin mutanensa za a yanka. Ni ban taɓa ganin laifin mai shayin da ya ƙi baifas ba. Inda ake kuskure shi ne a yanke shawara ba a tanadar masa inda zai koma ba.

Sai dai majalisar da ke wannan muhawara ba ita ke da titin ba. Hanyoyin Najeriya kashi uku ne, na tarayya, na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma hanyar da ta haɗa Abuja da Kano ta tarayya ce. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon karkatar da ita, ba ta kuma da kuɗin. Ƙananan hukumomi 774 ne ke raba kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuma albashin malaman firamare da ma'aikata ke cinye mafi yawa. Ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, gada ɗaya a kan Kogin Kaduna ta fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma. Abin da majalisa za ta iya shi ne ta zartar da ƙuduri, ta rubuta wa gwamna, ta matsa wa ɗan majalisar tarayya da sanata su shigar da aikin cikin kasafin Ma'aikatar Ayyuka.

In magana ta karɓu, sai a zo ƙirga. Ana zaunar da ma'aikata a mashigin gari da mafitarsa kwana da kwanaki, suna lissafa motoci iri-iri, suna tambayar direbobi daga ina, zuwa ina. Tambayar nan ita ce ginshiƙi. In yawancin motocin cikin garin za su sauke kaya, baifas ba zai rage cunkoso ba, gara a gyara mahaɗa a faɗaɗa titin da ake da shi. In kuwa masu wucewa ne, aikin ya samu hujja.

Daga nan safiyo da injiniya su shiga daji. Akan zana layi biyu ko uku a kan taswira, a haƙa ramuka a gwada ƙasa, a duba inda fadama take, inda dutse yake, inda za a tsallaka rafi. Layin da ya yi kusa da gari yana da arha wajen kwalta amma da tsada wajen diyya, kuma gari zai cim masa da wuri. Wanda ya yi nisa kuma direba zai ƙi shi don ɓarnar mai. Dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi bincike, a ajiye rahoton inda jama'a za su gani su yi magana. A wannan gaɓa ya kamata dagaci ya ce ga maƙabarta, ga burtali, ga mashayar shanu, ga gonar da layin zai raba da rijiyarta. Gyara layi a kan takarda aikin alƙalami ne kawai. Bayan an kafa fegi kuwa sai rigima da kotu. Abin da ke damuna shi ne yawancin mutanen da abin ya shafa ba sa jin labarin rahoton sai ranar da suka ga jan fenti a bangonsu.

A wannan lokaci kuma wata ɓarna ke shigowa. Wanda ya leƙa taswira kafin kowa sai ya je ya saye gonaki da arha, ko ya ɗora bulo cikin dare don a biya shi kuɗin gini. Maganinta sananne ne: a sanar da layi a fili rana ɗaya ga kowa, a ɗauki hoton abin da ke wurin, a ce duk abin da aka gina bayan ranar nan ba shi da diyya.

Diyya ita ce wurin da ya fi cin rai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Abin da ake biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasa, wato gini, rijiya, amfanin gona da itatuwa masu amfani kamar mangwaro da ɗorawa. Ita kanta ƙasar ba a sayenta. Manomin da ya gaji gona daga kakansa zai iya tashi da kuɗin dawar shekara ɗaya da na itace uku, alhali abincin gidansa na kowace shekara aka ɗauke. Kuma faɗin da ake ɗauka ba kaɗan ba ne: hurumin titin tarayya mita 45.72 ne daga tsakiya zuwa kowane gefe. A nan ƙaramar hukuma ke da aikin da babu mai yi mata. Ita ta san gonar wane ce, wa ke aro, wa ke jingina, wace bazawara ce ke noma kason marayu. Ya kamata a kafe sunaye a ƙofar dagaci kowa ya karanta, a biya mutum a asusunsa, a kuma biya kafin katafila ta iso. Inda aka tsallake wannan, manoma sukan tare hanya, ɗan kwangila ya janye injinansa, damina ta zo ta wanke abin da aka fara.

Sai kuɗin aikin. Hanyar da aka saba ita ce kasafin shekara-shekara, kuma ita ce ta fi jawo jinkiri. Ana sa wa aikin biliyoyi ɗan abin da bai kai ya kawo ba, a saki rabi, ɗan kwangila ya yi kilomita biyu ya tsaya. Kafin ya dawo farashin siminti, rodi da dizal ya tashi, sai a sake lissafin kwangila. Haka baifas na gabashin Kaduna ya yi ta tafiyar hawainiya. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da Sukuk, wato takardun lamuni marasa ruwa, na naira biliyan 100, aka raba wa hanyoyi 25 a shiyyoyi shida, kuma wannan titi da baifas na yammacin Kano suna ciki. Amfanin Sukuk shi ne kuɗin a ɗaure suke da aikin, ba a biya sai an auna abin da aka yi. Sai kuma tsarin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wanda ya ba kamfani damar gina titi a cire masa daga harajinsa. Ta nan kamfanin Dangote ya ɗauki nauyin sake gina titin Nnamdi Azikiwe. Kowace hanya aka bi, jama'a ne ke biya a ƙarshe, don haka suna da haƙƙin su san nawa ne, kuma zuwa yaushe.

Ba da kwangila yana bin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007: talla, gasa, tantancewa, amincewa, sannan kafin alƙalami, wanda dokar ta ƙayyade tun asali a kashi 15 cikin 100.

Aikin kansa kowa ya taɓa gani. Katafila ta share, a kwashe ƙasar sama mai taushi a ajiye gefe. Kwalbati da gada ake fara yi, domin ruwa shi ne babban abokin gabar titi, kuma ba ya barin hanyarsa don an zuba kwalta. Tifa ta kawo marmara, gireda ta baje, tankar ruwa ta yayyafa, rola ta danne, hawa bayan hawa, kowane hawa a gwada taurinsa kafin a ɗora wani. Sai dakakken dutse, sai a fesa ruwan kwalta ya kama, sai kwalta hawa biyu, ko kankare da rodi in tireloli masu nauyi ake tsammani. Titin da ya fashe bayan damina biyu, yawanci a waɗannan hawa na ƙasa aka cuce shi, inda ido ba ya gani. Akwai wani abu da ake mantawa, wato ramin da aka ɗebi marmara. In ba a cike shi ko an killace ba, kududdufi zai zama, kuma yaran ƙauye ne ke zuwa wanka. Wajibi ne ciyaman ya sa a rubuta wannan cikin sharaɗi tun farko.

Ranar yanke ƙyalle mutane ke ɗauka an gama, amma matakin da aka rasa a titin Nnamdi Azikiwe bayan nan yake. Sabon titi yana jan mutane kamar yadda zuma ke jan ƙuda. Mai rumfa ya fara, mai gidan mai ya biyo, masu awon igiya su yanka gonakin gefe fegi-fegi, kowa ya buɗe ƙofarsa a kan kwalta. Cikin 'yan shekaru tirela mai gudu da yaro mai tsallakawa makaranta sun sake haɗuwa. Hana wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota, dokar ƙasa kuma ta ba ta ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Da wannan iko za ta iya ware babban filin ajiye tireloli a mahaɗa ɗaya ko biyu, da ruwa da makewayi da masallaci, ta ba mai shayi da mai facin tsohon titi rumfa a can kafin baƙo. Za ta iya ƙin sa hannu a kan duk filin da ya shiga hurumin titi, ta haɗa kai da hukumar tsara birane, irin KASUPDA a Kaduna, a fitar da ƙaramin titi a gefe wanda gidaje za su buɗe a kansa, a kuma sa makaranta da kasuwa a ɓangaren da mutane suke.

Ta gabashin Kaduna wannan aiki na ƙananan hukumomin Chikun da Igabi ne, kuma lokacinsa ya riga ya yi. A shekarun da aka ɗauka ana jiran titin, gari ya tsallaka kogi ta wajen Millennium City, gine-gine suna ta matsowa inda aka shata wa tireloli.