Nazarin Allurar Bakteriyar Salmonella ta Hanyar Madubin Ilektiron Mai Daskarewa

Gabatarwa

Zazzaɓin taifot, wanda ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa, bakteriyar Salmonella Typhi ce ke haddasa shi. Kafin wannan bakteriya ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar bangon hanji, sai ta yi amfani da wata na'ura mai siffar allura, wadda masana ke kira tsarin fitarwa nau'i na uku. Da ita take ɗura wa ƙwayar halittar mutum furotin da ke tilasta mata haɗiye bakteriyar. Wannan maƙala ta duba yadda aka gano ƙirar allurar da kuma amfanin sanin hakan.

Yadda Dabarar Take

Ana ɗiga samfuri a kan ƙaramin raga, sannan a tsoma shi cikin ruwan itan mai sanyin kusan digiri 180 ƙasa da sifili. Saurin daskarewar ba ya ba ruwa damar yin ƙanƙara mai tsatsa, sai ya sandare kamar gilashi, furotin kuma ya tsaya a siffarsa ta asali. Daga nan a ɗauki dubban hotuna da hasken ilektiron mai rauni, kwamfuta ta tattara su ta fitar da siffa mai tsawo da faɗi da kauri. Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson ne suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2017 saboda wannan dabara.

Abin da Aka Gano

A 1998 ne ɗakin binciken Jorge Galán ya fara ware wannan na'ura daga Salmonella Typhimurium, 'yar'uwar mai jawo taifot. Hotunan daskarewa da suka biyo baya sun nuna cewa gindinta zobba ne da suka ratsa fatun bakteriyar biyu. Zobban ciki an gina su da furotin PrgH da PrgK, guda 24 kowanne, na waje kuma da InvG, yayin da allurar kanta jerin PrgI ce. Faɗin ramin allurar bai wuce kimanin nanomita biyu ba, alhali naɗaɗɗen furotin ya fi haka kauri. Saboda haka dole a warware shi kamar zare kafin ya wuce, kuma a 2014 ɗakin binciken Thomas Marlovits ya nuna furotin maƙale a cikin ramin a warware.

Kammalawa

Bakteriya na ƙara bijire wa magungunan da ake kashe su da su, taifot kuma yana cikin cututtukan da abin ya shafa. Sanin ƙirar allurar ya buɗe hanyar neman maganin da zai toshe ta, ta yadda bakteriyar za ta rasa makaminta ko da ba a kashe ta ba.